Yadda Dakarun Jini Ke Aika wa Juna Saƙo

Kowa ya san kaluluwa. In ƙaya ta soki mutum a tafin ƙafa, wurin ya rure, bayan kwana biyu ko uku sai ya ji wani ɗan ƙullutu a matsematsinsa, in an taɓa da zafi. To, ciwo yana ƙafa, me ya kai kumburi can sama? Labarin yana cikin jini.

A jinin kowane mutum akwai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Jajaye sun fi yawa, aikinsu kai iska ko'ina a jiki. Farare kuwa su ne dakaru masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. A ɗigon jini da bai wuce kan allura ba, akan sami jajaye wajen miliyan 5, farare kuwa daga 4,000 zuwa 11,000. Asalinsu duka daga ɓargo ne. Fararen nan iri iri ne, kowanne da aikinsa. Ba su da baki, ba su da kunne, amma duk da haka suna jin maganar juna.

Na farkon da ke gamuwa da abokan gaba su ne masu gadi, waɗanda ke zaune cikin tsoka da ƙarƙashin fata. Likitoci na kiransu makrofaj, wato masu haɗiya. Wani masani ɗan Rasha, Meshnikof, shi ya lura da irin aikinsu a 1882, a garin Masina na ƙasar Italiya. Ya soka ƙaya a jikin wata 'yar halittar teku mai jiki garau kamar gilashi. Da gari ya waye sai ya ga ƙwayoyi sun taru sun kewaye ƙayar.

Mai gadi ba ya yaƙi shiru. Da ya haɗiye ƙwayar cuta sai ya fitar da waɗansu sinadarai, sunansu sitokin. Su ne gangar yaƙin jiki. Kowace ƙwaya tana da waɗansu 'yan makarɓai a bayanta, saƙon da ya dace da makarɓinta kaɗai take ji, kamar yadda kowane mai sana'a ke gane takensa in makaɗi ya kaɗa. Da saƙo ya isa ga jijiyoyin jini na kusa, sai su buɗe, ruwa ya tsatso. Shi ya sa wurin ke yin ja, ya ɗau zafi, ya kumbura. Wani saƙon kuma hanya yake nunawa. Ya fi ƙarfi a bakin ciwo, sai waɗansu dakaru da ake kira nutrofil su fito daga jini su bi shi, kamar tururuwa ta bi sawun 'yan'uwanta. Su ne suka fi yawa cikin fararen, fiye da rabi, kuma ba su daɗewa. Mugunyar da kuke gani a ƙurji yawancinta gawarwakinsu ne.

In saƙon ya yi yawa har ya kai ƙwaƙwalwa, sai ta ɗaga zafin jiki. Zazzaɓi ke nan. Akwai kuma wani saƙo mai suna intaferon, wanda ƙwayar da cuta ta shiga cikinta ke aika wa maƙwabta, su shirya. Ayzaks da Lindaman suka gano shi a Landan a 1957.

Amma duk wannan kururuwa ce kawai, ba ta faɗi ko wane ne ya kawo hari ba. Wannan aikin 'yan rahoto ne, waɗansu ƙwayoyi masu rassa kamar itace, waɗanda Ralf Istainman ya gano a Niyok ta Amurka a 1973. Ɗan rahoto yakan yanki ɗan guntun jikin ƙwayar cuta, ya bi magudanun ruwan jiki, ya kai shi kaluluwa mafi kusa. Ga wanda ƙaya ta soka a ƙafa, ta matsematsi ce. Mai ciwon haƙori kuwa, ta ƙarƙashin haɓa.

A nan magana ta koma ta gaba da gaba. Kaluluwa cike take da ƙwayoyin T da na B. Kowace T kamanni ɗaya tak ta sani, saboda haka ɗan rahoto sai ya yi ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya, yana nuna abin da ya kawo, har ya dace da wadda ta gane shi. Ko da ta gane, ba ta tashi sai ya nuna mata shaida ta biyu, cewa lalle akwai haɗari. Kun san takarda in ba hatimi, hakimi ba ya aiki da ita. A ganina wannan ya fi kome ban sha'awa a cikin sha'anin nan, gama ba don shi ba da dakaru sun riƙa far wa jikin da suke tsaro.

Da shaida biyu suka cika, sai T ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, har su kai dubbai. Taron nan ne ke kumbura kaluluwa. Waɗansu su fita su kashe ƙwayoyin jiki da cuta ta ɓuya a ciki. Waɗansu kuwa, da ake kira mataimaka, su nemi ƙwayar B da ta kama wannan abokin gaba, su manne mata, su ba ta izini. Daga nan B ta shiga ƙera makamai da ake kira antibodi, tana zuba su cikin jini, su riƙa liƙe wa cutar. Jak Mila da abokin aikinsa Micel suka nuna haɗin kan T da B a Ostareliya a 1968. Aiken nan duka yakan ci mako ɗaya zuwa biyu in cutar baƙuwa ce. Bayan yaƙi waɗansu T da B kan saura, suna tune da ita shekara da shekaru. Allurar rigakafi wannan hanya take bi: a nuna wa dakaru kamannin cuta tun ba ta zo ba. Da lamba aka kawar da agana, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 1980.

In kuna son ku san darajar mataimaka, ku dubi ƙanjamau. Cutar su take kashewa. Mai lafiya yana da su 500 zuwa 1,500 a ɗigon nan na kan allura. In suka kasa 200, sauran dakaru suna nan amma ba mai ba su umarni, sai ƙananan cututtuka su kayar da mutum. Maganin da ake sha kullum yana hana cutar yaɗuwa, mataimaka su sake yawa. Wanda ya daina sha, ta dawo.

Akwai kuma masu cewa a tsaya, yaƙi ya ƙare. Wani likita ɗan Japan, Sakaguci, ya bayyana su a 1995, ya kuma sami kyautar Nobel tare da waɗansu biyu a 2025.

Kaluluwar da ƙaya ko ƙurji ya jawo takan saɓe da kanta in ciwon ya warke. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a matse. A wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe. Amma in kaluluwa ta wuce mako biyu ba ta ragu ba, ko ta yi tauri, ko mutum yana rama da gumi da dare, a tafi asibiti. Tarin fuka yakan sauka a kaluluwar wuya, kuma yana da magani.