Sipadan: Tsibirin Da Ke Ƙayyade Yawan Baƙinsa

A gabashin jihar Sabah ta ƙasar Malesiya akwai wani ɗan tsibiri mai suna Sipadan, wanda mutum zai iya zagaye shi da ƙafa cikin kimanin rabin awa. Amma dukiyarsa a ƙarƙashin ruwa take. Tsibirin yana bisa kan tsohon dutse mai aman wuta da ya taso kimanin mita 600 daga ƙasan teku, murjani ya lulluɓe shi. Mai nutso da ya goya tukunyar iska, da ya ɗan yi nisa da gaɓa sai ya tarar da ƙasa ta yanke kamar katanga, ga kunkurun teku da garken kifaye suna shawagi.

Sunan tsibirin ya bazu ne bayan da Bafaranshen nan mai binciken teku, Jacques Cousteau, ya ɗauki fim a wurin a ƙarshen shekarun 1980. Nan da nan masu zuba jari suka kakkafa masaukai, baƙi kuwa suka yi ta kwarara daga Turai da Japan. Ciniki ya buɗe, amma shara da ƙazantar ruwa da turmutsutsun jama'a suka soma cin murjanin, wato ainihin jarin da kowa ke ci daga gare shi. Murjani kuwa halitta ce mai rai, wadda ke ɗaukar shekaru kafin ta mayar da abin da aka karya cikin minti guda.

Idan dai ba a manta ba, a watan Afrilu na 2000 'yan bindigar Abu Sayyaf suka sace mutum 21 daga tsibirin zuwa kudancin Filifin. Ga kuma taƙaddamar mallaka da Indunusiya, wadda Kotun Duniya ta warware a watan Disamba na 2002, watanni biyu bayan hukuncin Bakassi. Abin sha'awa, cikin hujjojin da suka ba Malesiya nasara har da dokar da Turawan Ingila suka kafa kan ɗibar ƙwan kunkuru a tsibirin.

Da samun wannan hukunci, gwamnati ta umarci dukkan masu masaukai su kwashe nasu ya nasu kafin ƙarshen 2004. Daga bisani aka ƙayyade masu shiga zuwa mutum 120 a rana, kowa da takardar izini daga hukumar Sabah Parks, kodayake an ƙara adadin daga baya.

Masu masaukan sun koka, amma kasuwar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi zuwa tsibiran Mabul da Kapalai da garin Semporna. Da yake ta hannun kamfanonin nutso ake raba takardun, yawancinsu kan sharɗanta wa baƙo ya kwana 'yan kwanaki a masaukinsu kafin layi ya zo kansa. Kwanakin jiran nan su ne abincin masu kwalekwale da masu dafa abinci da masu bayar da hayar kayan nutso.