An yi wa inji garambawul amma ƙarfin mai ya ƙi tashi: ina matsalar take?

Masu tara tsofaffin motocin tsere a Turai sun san wannan tashin hankalin: an kashe kuɗi an sauke inji, an sa sababbin kaya, an tayar, sai allurar agogon baƙin mai ta tsaya ƙasa. Motar MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, misali ce mai kyau, domin injinta mai silinda huɗu ba shi da wani ɓoyayyen abu. Bakaniken da ya saba da Peugeot 504 a Garwa ko Njamena zai gane kusan komai a cikinsa.

Idan injin MGB ya yi zafi yana tafiya, ana son allurar ta nuna bar 3.5 zuwa 5.5. Idan mota na tsaye ba a taka totur ba, bar 0.7 zuwa 1.7 ya isa.

Yawanci famfon mai ake fara zargi, alhali sau da yawa ba shi da laifi. Famfon tura mai kawai yake yi. Ƙarfin yana samuwa ne saboda man yana matsewa ta 'yan siraran wurare tsakanin sandar kiranshaf da ƙarafan da take juyawa a kansu. In wurin ya yi faɗi, mai ya zube cikin sauƙi, allura ta faɗi.

Kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, sai a ɗaura wani agogon da aka amince da shi, domin tsohon agogo yana ƙarya. In shi ma ya nuna ƙasa, lokacin da ƙarfin ke faɗuwa ne zai nuna hanya.

In da sanyi allura na sama, sai inji ya yi zafi ta zube, to akwai alamar ƙarafan sun yi sako-sako. Hakan na faruwa idan an wanke kiranshaf an rage masa milimita 0.25, aka kuma sa ƙarafa na ma'aunin asali. Tazarar da ake so ba ta wuce kusan milimita 0.07 ba, kaurin gashin kai ke nan. Ido ba ya gane wannan. Sai an auna, da zaren roba na Plastigage ko da maikiromita.

In kuma ƙarfin ya ƙi wuce wani mataki ko da sanyi ko da zafi, a duba bawul ɗin da ke rage ƙarfin mai a gefen injin. Ɗan datti na iya hana shi rufewa, ko sifirin ɗinsa ya gaji ya kasa santimita 7.6 da ya kamata ya kai. Wannan gyara ne na minti kaɗan.

Mafi haɗari shi ne allura ta ƙi motsi sam. A nan MGB tana da tarko nata. A ƙarshen 1964 kamfanin ya sauya injin daga mazaunin kiranshaf uku zuwa biyar, kuma gaskit ɗin famfon mai na injinan biyu ya bambanta, ga shi sau da yawa ana sayar da su a leda ɗaya. In aka sa wanda ba shi ba, famfo iska zai riƙa zuƙa. Haka in an manta da toshe ɗaya daga cikin hanyoyin mai da aka buɗe lokacin wanki.

Shi ya sa ƙwararru kan cire fulogogi su juya injin da sitata har allura ta motsa kafin su bari ya kama. Injin da ya tashi babu mai, cikin 'yan mintoci sababbin ƙarafan za su cinye, a koma sauke shi daga farko.