Kiwon Tarwaɗa a Nijeriya: Ruwa Akwai, Abinci Ne Wahala

Sana'ar su tsohuwa ce a ƙasar Hausa, amma kiwon kifi baƙo ne. A shekarar 1951 ne gwamnatin mulkin mallaka ta fara gina gonar kifi a Panyam, cikin Jihar Filato ta yanzu, kuma shekaru da dama bayan nan ana ɗaukar abin tamkar aikin hukuma kawai. Masunta ba su ga dalilin ciyar da abin da kogi ke bayarwa kyauta ba. To, sai kyautar ta fara raguwa. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, ga kuma bakunan ci suna ta ƙaruwa. Har yau ƙasar tana kashe kuɗi masu yawa wajen shigo da kifin ƙanƙara daga ƙetare.

Kifin da ya buɗe wa manoma hanya shi ne tarwaɗa. Tana da wata gaɓa a saman matsatsinta wadda take shaƙar iska da ita kai tsaye, saboda haka takan rayu cikin cunkoso da gurɓataccen ruwan da zai kashe wasu kifaye. Wannan ne ya sa kwamin siminti a bayan gida ma ya wadatar. Sai dai ba ta cika yin ƙwai da kanta a tsare ba. Akan yi wa macen allurar sinadarin da ke nunar da ƙwai, a matse shi cikin kwano, a gauraya da maniyyin namijin, wanda galibi sai an yanka shi. Cikin kwana ɗaya ko ɗan fiye ƙwan yakan ƙyanƙyashe, kuma idan kulawa ta yi kyau kifin yakan kusanci kilo ɗaya cikin wata shida. Da wannan dabara ce kifin da ake kiwo a Nijeriya ya haura tan 300,000 a shekarar 2015.

Ruwa kam akwai shi: ga Kainji, ga Tiga, ga ɗimbin fadamu. Inda gizo ke saƙa shi ne abinci, domin shi ke cinye fiye da rabin kuɗin da mai kiwo ke kashewa. Tarwaɗa maciyar nama ce, tana bukatar abinci mai gina jiki sosai, kuma garin kifin da ake haɗa shi da shi yawanci daga waje yake zuwa. Darajar naira na faɗuwa, ribar manomi na bin ta. Shi ya sa masu bincike, har da na cibiyar nazarin kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, suka daɗe suna gwada waken soya da tunkuzar gyaɗa a madadinsa.

Akwai kuma karfasa, wadda ba a ba ta haƙƙinta ba. Ita tana cin gansakuka da dusa, kuma a kanta ne Masar ta dogara har ta zama ta ɗaya a Afirka wajen kiwon kifi.