Ɓoye Sirrin Na'ura Ba Ya Hana Ɓarawo

Wata magana ta zama ruwan dare a bakin masu tallar kyamarorin tsaro da makullan zamani: wai na'urar da kamfani ya ɓoye yadda take aiki ta fi aminci, wadda kuwa aka baje tsarinta kowa ya gani, an miƙa wa ɓarawo mabuɗi ke nan. Wasu har su ƙara da cewa kuɗin da ake ba malaman jami'a su binciki irin waɗannan kaya asara ce, ko ma koyar da sata. Abin ya isa haka nan.

Kayan da ake magana a kai su ne na yau da kullum da ke haɗe da intanet ko da juna: kyamara, talabijin, mitar wuta, makullin mota, katin shiga jirgin ƙasa.

A 2008 masu bincike a Jami'ar Radboud ta ƙasar Holan sun gano yadda ake kwafar katin Mifare Classic, wanda miliyoyin mutane ke hawa jirgi da bas da shi a lokacin, har a Landan. Kamfanin NXP mai ƙera katin ya daɗe yana ɓoye lissafin da ke kulle shi. Da asiri ya tonu, sai ya garzaya kotu a hana su wallafawa, kotu ta ƙi. Raunin yana nan tun ranar da aka ƙera katin. Ɓoyewar ta hana masu gyara gani ne kawai, ba ta hana mai mugun nufi lalube ba. A 2018 ma masanan Jami'ar Leuven ta Beljiyam suka kwafi makullin motar Tesla Model S cikin daƙiƙoƙi, domin shi ma a kan ɓoyayyen lissafi mai rauni aka gina shi. Kamfanin suka fara sanarwa, aka gyara. Da ɓarayi ne suka riga su, wa zai ji labari?

Inda babu mai dubawa kuwa, an ga abin da ya faru. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta kame kyamarori da na'urorin raba intanet kusan 600,000, ta hanyar gwada kalmomin sirri kimanin 60 da kaya ke fitowa da su daga masana'anta. A watan Oktoba aka yi amfani da su wajen durƙusar da Twitter da Netflix a Amurka, daga baya aka auka wa kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya.

Tun kafin wannan, a 2015 Google ya ba Jami'ar Carnegie Mellon dala 500,000 ta jagoranci gina buɗaɗɗen tsari da na'urori za su riƙa magana da juna cikin tsaro. Kuɗi ne kaɗan ga girman aikin. Sakacin masana'antu da ƙarancin dokoki su ma suna da nasu laifin.

Mai gida kuma da nasa. Duk wanda ya sayi kyamara ko na'urar raba intanet ya canza kalmar sirrin da ta zo da ita a ranar, ba gobe ba, kuma kada ya sa lambar wayarsa ko sunan ɗansa. Idan mai sakawa ne ya zaɓa, a sauya bayan ya tafi. A tambayi mai shago ko kamfanin yana aiko da sabuntawa. In ya hau kame-kame, a bar masa kayansa. Kyamarar da ba a buƙatar kallonta daga nesa a cire ta daga intanet, ta ɗakin kwana kuwa a cire ta gaba ɗaya. Birtaniya tun Afrilun 2024 ta haramta sayar da na'ura mai kalmar sirri irin su 12345, amma kayan da ke shigowa kasuwanninmu ba wannan dokar ke tace su ba.