Tseren Gwada Gudu a Filin Gishiri: Wane Rukuni Baƙo Zai Shiga?

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga gasar wasannin gidaje ya san ba a haɗa ɗan aji ɗaya da ɗan aji shida a tseren mita ɗari. Kowa da sa'ansa. Haka ma a filin sukuwa na Kano, ba a jera ɗan tsurut ɗin doki da ingarma a ce su kara. To, akwai wani irin tsere a duniya wanda shi kam rabon rukuni shi ne rabin wasan, wato tseren gwada iyakar gudun mota ko babur a kan ƙasa. A wannan tsere ba a jera motoci su tashi tare. Kowa shi kaɗai yake tashi, ya miƙe sak, agogo ya auna shi. Abokin karawarsa shi ne lambar gudun da wani ya taɓa kafawa a rukuninsa, ko da shekara arba'in ke nan da kafa ta.

Gidan wannan wasa shi ne filin gishiri na Bonneville, a jihar Utah ta ƙasar Amurka, kusa da wani gari mai suna Wendover. A zamanin da can tafki ne babba, ya ƙafe ya bar gishiri fari fat, shimfiɗe kamar faranti. Wanda ya san labarin gishirin Bilma zai iya kwatanta wurin a zuciyarsa, sai dai nan babu rami babu tudu. A nan ne wani Bature ɗan Ingila, Malcolm Campbell, ya fara wuce mil 300 a awa a shekarar 1935. Tun daga 1949 kuma ƙungiyar da ake kira SCTA, wadda aka kafa a 1937, take shirya makon tsere a watan Agusta, in dai ruwa bai kwanta a filin ba. A 2014 da 2015 ba a yi ba saboda filin bai yi kyau ba.

Akan ji labarin manyan dodanni, irin su motar Thrust SSC wadda Andy Green ya tuƙa ran 15 ga Oktoba 1997 a hamadar Black Rock ta jihar Nevada, ta yi mil 763 a awa, wato kilomita 1,228. Da a ce hanya za ta yarda, da ta kai mutum Zariya daga Kano cikin ƙasa da minti goma. Amma irin waɗannan ba su da yawa, kuma injin jirgin sama ke tura su. Yawancin masu zuwa Bonneville talakawa ne: makanikai, manoma, malaman makaranta, tsofaffin da suka yi ritaya, kowa da abin da ya harhaɗa a bayan gidansa. Abin da ya ba su damar shiga shi ne yawan rukunoni. Sun kai ɗaruruwa, har mai babur ɗin da bai kai na acaɓa ƙarfi ba yana da nasa.

Da abubuwa uku ake gane rukunin mutum: girman inji, irin man da yake sha, da siffar jikin abin hawan.

Girman inji shi ne yawan wurin da ke cikin silinda duka in an haɗa. A ɓangaren motoci haruffa ake sawa. AA shi ne mafi girma, injin da ya wuce lita 8.2, daga nan a yi ta gangarowa A, B, C har zuwa K, wanda bai wuce kusan rabin lita ba. A ɓangaren babura kuwa lamba ake kira: 50, 100, 125, 175, 250, 350, 500, 650, 750, 1000, har sama. Nan ne baƙo yakan fara faɗawa rami. Lambar ita ce iyaka. Mai injin 510 ba ya cikin rukunin 500, sai dai ya je ya kara da masu 650, alhali sun fi shi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Domin haka gwanaye sukan kai injinsu dab da bakin iyaka su tsaya. In mun ɗauki baburan acaɓa na garuruwanmu, yawancinsu tsakanin 100 ne da 125, ke nan kowanne yana da rukunin da zai faɗa.

Batun mai kuma kashi biyu ne. Akwai rukunin fetur, inda dole ka sayi man a wurin taron, a zuba, a liƙe murfin tankin da hatimi don kada a yi coge. Akwai kuma rukunin da aka sake wa kowa mara, ya zuba abin da ya ga dama, ko barasar inji ce ko wani sinadari mai tsananin ƙarfi. Wanda ya ɗaura wa injinsa na'urar cusa iska, irin wadda makanikai ke kira turbo, shi ma an ware masa nasa gefen, don ba adalci ba ne a haɗa shi da injin da ke shaƙar iska da kansa.

Siffar jiki ita ce ta fi rikitarwa, kuma ita ce ta fi daɗin bayani, domin nan ne darasin kimiyyar da muke yi a aji yake fitowa fili. Babban abokin gabar mai gudu iska ce. In ka ninka gudunka sau biyu, turjiyar iska takan ninku sau huɗu, ƙarfin injin da kake bukata don ka keta ta kuma ya ninku sau takwas. Wannan ne ya sa ƙara mil goma a kan mil 200 ya fi wuya nesa ba kusa ba a kan ƙara mil goma a kan mil 60. Saboda haka duk abin da zai rage wa iska wurin kamawa riba ce babba, dole doka ta sa masa ido. Akwai rukunin abin hawa kamar yadda kamfani ya ƙera shi, ba a yarda ka taɓa siffarsa ta waje ba. Akwai na waɗanda aka yi wa kwaskwarima. Akwai na tsofaffin motocin Amurka marasa rufi, na kafin 1939. Akwai wasu dogaye masu tayoyi a waje, waɗanda asalinsu tankunan man jiragen yaƙin duniya na biyu ne, matasa suka saye su da arha bayan yaƙin suka sa musu inji da taya. Daga ƙarshe sai masu siffar kifi, a lulluɓe, waɗanda su ne sarakunan gudu, su ne kuma masu cin kuɗi. Gyara ɗaya tak, kamar sauya ƙashin babur ko ƙara masa murfin kare iska, yana iya fitar da mutum daga rukunin da yake da dama ya jefa shi cikin manya.

Akwai kuma tsawon wurin. Bonneville yana kan tudu wajen mita 1,280 daga bakin teku, kusan daidai da Jos. Iska ba ta da kauri a can, balle da zafin Agusta, don haka inji yakan rasa wani kaso na ƙarfinsa. Gishirin ma ba ya riƙe taya kamar kwalta. Mutane da yawa sun zo da lissafin gida, filin ya ƙaryata su.

To, yaya baƙo zai zaɓa? A ganina littafin dokoki ne farkon sayayya, kafin a sayi ko ƙusa ɗaya. A bayan littafin an jera kowane rukuni da lambar gudun da aka kafa a cikinsa. Mai hankali zai duba abin hawan da yake da shi a hannu da kuɗin da ke aljihunsa, sa'an nan ya nemi rukunin da suka dace da shi. Wanda ya fara gini tukuna ya zo yana neman inda zai shiga, sau da yawa yakan tarar ya yi ɗinki ba da awo ba.

Wani abin lura da ba kowa ya sani ba: kayan kariyar da za a nema a wurinka sun danganta ne da lambar gudun da ke rukunin, ba da gudun da kai kake tsammanin za ka yi ba. In ka shiga rukunin da aka taɓa yin mil 250, to ko da motarka ba za ta wuce 140 ba, sai ka tanadi tayoyi da rigar kare wuta da sauran kaya na masu 250. Motar da ke cikin sahun masu wuce mil 175 dole ta ɗauki lemar tsayawa a bayanta, ga kejin ƙarfe kewaye da direba, ga tukunyar kashe gobara, ga hular kwano mai shaida. Kuɗin waɗannan kaɗai yana iya fin kuɗin injin. Shi ya sa ƙaramin babur ko ƙaramar mota suka fi dacewa da mai farawa. Wasu kuma sukan yi farautar rukunin da babu wanda ya taɓa kafa lamba a ciki, don ko yaya suka gudu sunansu ya shiga littafi. Doka ba ta hana ba, amma tsofaffin 'yan wasan ba su cika ganin girman irin wannan nasara ba, ni ma ina bayansu.

Direban ma yana da nasa matakan. Lasisin tuƙi na gari yana kai mutum mil 125 ne kawai, wato kilomita 201. Daga nan sai ya hau tsani: 125 zuwa 149, sai 150 zuwa 174, sai 175 zuwa 199, a haka har sama, kuma kowane mataki sai ya yi shi lafiya a gaban alƙalai kafin a ba shi na gaba. Ko da motarsa tana iya 300, ba za a bar shi ya taka ta ba a ranar farko. A nan ina so samarinmu masu murza babur a hanyar Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, ko a gangaren dajin Falgore, su kwatanta. Waɗancan suna gudu ne a filin da babu tirela, babu shanu, babu rami, ga motar asibiti a tsaye, duk da haka sai an bincika kowace ƙusa kafin a sake su. Kuma duk da wannan tsari, an sha rasa rayuka a Bonneville.

Misalin wanda ya san rukuninsa shi ne Burt Munro, mutumin garin Invercargill a ƙasar Niyu Zilan. Babur ɗinsa ƙirar Indian Scout ne na 1920, mai inji 600, wanda da aka ƙera shi bai fi mil 55 a awa ba. Ya shekara fiye da arba'in yana gyara shi a ɗakin aikinsa, har fistin yake zubawa da hannunsa. A 1967, yana da shekara 68, ya faɗaɗa injin zuwa 950, ya shiga rukunin 'yan ƙasa da 1000 na babura masu lulluɓi, ya yi mil 184 a awa, kusan kilomita 296. An yi fim a kan rayuwarsa a 2005.

Kafa lamba kuwa ba gudu ɗaya ba ne. In mutum ya wuce lambar rukuninsa, sai a kai abin hawansa wani killataccen wuri, a ba shi awa huɗu ya yi gyara, ya kwana a can. Da sassafe ya sake gudu, a haɗa biyun a raba biyu. In matsakaicin ya wuce tsohuwar lamba, sai alƙalai su auna cikin injin, su duba hatimin tanki da siffar jiki, su tabbata abin hawan na rukunin da aka rubuta ne. In awo ya nuna injin ya haura iyaka, an soke gudun duka biyu.