Ambaliyar Maiduguri: Ciwon Da Ya Rage A Zukatan Yara

Daga Wakilinmu

Cikin daren 9 ga watan Satumba, 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau da ke kan Kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya kwararo cikin Maiduguri jama'a suna barci. Ya mamaye unguwanni irin su Gwange da Fori, ya shiga fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallinsu. Rabon garin da irin wannan masifa tun 1994.

Hukuma ta ƙidaya gidajen da suka rushe da dukiyar da ta salwanta. Amma akwai hasarar da ba ta shiga lissafi ba, wato firgitar da ta zauna a zukatan yaran da aka tsamo cikin duhu, ruwa iya wuya.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa yaro ba ya faɗin damuwarsa da baki kamar babba, sai dai a gani a halinsa. Wanda ya daina fitsarin kwance sai ya koma yi. Wani ya riƙa farkawa da kururuwa, wani ya maƙale wa uwarsa ko ina za ta. Wani kuwa da hadari ya haɗu sai jikinsa ya ɗauki rawa, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. 'Yan makaranta sukan kasa tsai da hankali a aji, ko su dinga kukan ciwon kai da na ciki alhali gwaji bai nuna kome ba.

A Borno abin ya fi nauyi, domin yara da yawa cikin tashin hankalin Boko Haram, wanda ya fara a 2009, aka haife su. Sansanin Bakasi da aka rufe a 2021 sai da aka sake buɗe shi saboda ambaliyar, watau wasu iyalai sun sake komawa gudun hijira a inda suka baro.

Kuskuren da manya suka fi yi shi ne su ɗauki waɗannan alamu a kan shagwaɓa ko taurin kai, su sa bulala, ko kuwa su ce iska ce. Duka ba ya korar tsoro, ƙara shi yake yi. Abin da ya fi amfani shi ne kada a raba yaro da iyayensa, a mai da shi makaranta da wuri, a tsare masa lokacin ci da na barci, a bar shi ya yi wasa, a kuma amsa tambayoyinsa da gaskiya daidai hankalinsa. Yawancin yara da haka suke warwarewa. In alamun sun wuce wata guda ba sauƙi, to, sai a nemi likita; akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Maiduguri.

A watan Janairu, 2023, aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma likitocin wannan fanni ba su da yawa a ƙasar nan. Saboda haka ya kamata ma'aikatun ilmi da na lafiya su koya wa malaman firamare da ma'aikatan ƙananan asibitoci gane waɗannan alamu, a kuma sa kuɗin wannan aiki cikin kasafin agaji tare da na shinkafa da tabarmi. Allah Ya kiyaye gaba.