Amana A Kafaɗa: Tseren Da Ke Sa Mutanen Jafan Zubar Da Hawaye

 Yau ba maganar girki ko kwalliya muka zo da ita ba. Tafiya za mu yi mai nisa, can gabashin duniya zuwa ƙasar Jafan, domin mu ga wani irin tsere da yake zaunar da ƙasa guda a gaban talabijin, manya da yara, wasu na tafi wasu na share ƙwalla. Sai ku gyara zama.

A ranar 21 ga watan Oktoba na 2018, ana tsakiyar wani tseren mata a jihar Fukuwoka, sai wata budurwa 'yar shekara 19 ta faɗi a kan titi, alhali bai fi saura mita 200 ba ta isa wurin da abokiyar gudunta take jiranta. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafa ta ce sam ba ta san zancen ba, ashe ƙashin ƙwaurinta na dama ne ya karye. Maimakon ta zauna ta jira a kawo mata ɗauki, sai kawai yarinyar nan ta kama rarrafe a kan kwalta, da wani ɗan ƙyalle dunƙule a hannunta, gwiwoyinta duk sun goge suna zubar da jini. Ita kuwa wadda ke jiranta tana tsaye tana kuka, ba ta da ikon matsowa. Haka ta yi ta jan jiki har ta miƙa mata ƙyallen nan.

Na san za ki ce, to wai wane irin ƙyalle ne wannan da har mutum zai yi rarrafe da karaya a kansa? Biyo ni ki sha labari.

Mene Ne Ekiden?

Duk wadda ta taɓa halartar wasannin intahaus a makaranta ta san gudun miƙa sanda, inda mutum huɗu suke karɓa-karɓa har a kai ƙarshe. To ekiden yayansa ne, sai dai shi ba a cikin fili ake yinsa ba, a kan hanya ne, daga gari zuwa gari, kowa ya yi kilomitoci kafin ya miƙa wa na gaba. Sannan ba sanda suke riƙewa ba, wani siririn ƙyalle ne da suke kira tasuki, wanda ake ratayawa daga kafaɗa ya gitta ƙirji ya sauka a ƙugu, da launi da sunan makarantar masu shi.

Sunan kansa ya samo asali ne daga tsarin 'yan aike na zamanin da, lokacin da ake kai saƙon sarauta zango zango, wannan ya gaji ya miƙa wa wancan. An yi ekiden na farko a 1917, daga tsohon babban birnin ƙasar, Kiyoto, zuwa Tokiyo, tafiyar fiye da kilomita 500 da aka raba zango 23, ana gudu dare da rana. Tun daga nan abin ya shiga jinin mutanen ƙasar, har ya zamana makarantu da kamfanoni da ƙananan garuruwa kowa na shirya nasa. Yawancin masu yinsa kuwa ba wasu shahararrun 'yan wasa ba ne, ɗalibai ne da ma'aikata, irin ni irin ke.

Dutsen Hakone

Uban tafiyar duka shi ne tseren Hakone, wanda ake yi ranakun 2 da 3 ga watan Janairu. An fara shi a 1920 da makarantu huɗu kacal. Daga cikin waɗanda suka tsaya aka kafa shi akwai wani bawan Allah mai suna Kanakuri Shiso, wanda shi kansa labarinsa abin ji ne. Ya wakilci ƙasarsa a gudun famfalaki na wasannin Olamfik na 1912 a ƙasar Suwidin, zafin rana ya kayar da shi a hanya, wasu mutanen gari suka ɗauke shi suka kula da shi, shi kuwa kunya ta sa ya sulale ya koma gida bai ko sanar da masu shirya gasar ba. Sai a 1967, yana da shekara 75, aka gayyato shi ya zo ya ƙarasa gudunsa, aka rubuta masa cewa ya kammala cikin shekara 54 da wata 8 da kwana 6. Kin ji fa! Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Yadda tseren yake shi ne, kowace jami'a tana kawo samari goma. Biyar su yi gudun zuwa a rana ta farko, daga tsakiyar Tokiyo zuwa bakin wani tafki da ke saman duwatsun Hakone, biyar kuma su yi na dawowa washegari. Jimillar tafiyar kilomita 217.1 ce. Ke nan kowane yaro ɗaya yana ɗaukar kilomita 20 da 'yan kai, kusan abin da ake kira rabin gudun famfalaki, wanda shi kilomita 21 ne da ɗoriya.

Kafin ma a kai ga wannan rana akwai tankaɗe da rairaya. Jami'o'i goma da suka yi gaba a bara su ne kawai ke da gurbi kai tsaye, sauran sai sun je gasar share fage a watan Oktoba, inda ake haɗa lokutan mutum goma na kowace jami'a a yi lissafi. A 2024 daƙiƙa 1 tak ce ta raba jami'ar da ta samu gurbin ƙarshe da wadda ta rasa. Ki duba fa, mutum goma sun yi gudun awa goma sha ɗaya in an tara, amma daƙiƙa guda ta mayar da su gida. A irin wannan lissafi na goma a cikinsu darajarsa ɗaya da na farko. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hawa Da Wuya, Gangara Ta Fi

Zango na biyar shi ne ake jin tsoro. Kilomita 20.8 ne, ya tashi daga garin Odawara da ke kusa da gaɓar teku, ya yi ta hawa yana lanƙwasa kamar maciji har ya kai tsayin mita 874. A gindin dutsen yaro zai jiƙe sharkaf da gumi, amma da yake iska tana ƙara sanyi gwargwadon yadda ake yin sama, ga kuma hunturu, kafin ya kai ƙololuwa gumin nan ya zame masa ƙanƙara a jiki. An sha ganin yaro yana tangaɗi kamar zai kife saboda sanyi ya shige shi ko ƙarfin jikinsa ya ƙare. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka rage tsawon zangon tun daga 2017, domin a da ya haura kilomita 23.

A nan ne ake gane cewa dutse ba ruwansa da gaggawa. Wanda ya fizgi gudu tun daga ƙasa don ya burge 'yan kallo, shi ne za ki ga ana wucewa ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar hawa, sauri ya haifi nawa. Masu wayo gajarta taku suke yi, su ɗan sunkuyo gaba, su riƙa taimaka wa ƙafa da kaɗa hannu, su bar numfashi ya riƙa yi musu jagora. A 2009 wani ɗan aji ɗaya na Jami'ar Toyo, Kashiwabara Ryuji, ya karɓi ƙyallen jami'arsa tana ta tara, amma ya isa bakin tafkin yana na ɗaya, kuma shekara huɗu a jere babu wanda ya fi shi a wannan zango.

Za ki zaci mai gangarowa washegari shi ya huta. Ina! Da ƙarfe takwas na safe yake tashi, cikin sanyin da wani lokaci hanya ke yin santsi. A gangara kowane taku birki ne, cinyoyi ne ke tare nauyin jiki duka, tafin ƙafa kuwa yana ta gugar takalmi, har wasu in sun cire takalmin a tarar fata ta saɓule. Da sun sauko inda hanya ta miƙe a kilomitocin ƙarshe, sai su ji kamar wani sabon dutse aka ɗora musu, alhali shimfiɗaɗɗiyar hanya ce.

Minti Ashirin Mai Ɗaci

Yanzu ga inda hawayen yake. Da yake ba za a rufe manyan tituna yini guda ba, akwai doka. A rana ta biyu, idan na gaba ya wuce wani zango da minti 20 kuma ɗan wata jami'a bai iso ba, to ba za a jira shi ba. Za a rataya wa abokinsa wani ƙyallen aro, a harba bindigar tashi, ya kama hanya.

Ki kwatanta a ranki. Yaro ya yi gudun kilomita 23, ya shawo kwanar ƙarshe a zangon Tsurumi, ya riga ya cire ƙyallen ya riƙe a hannu zai miƙa, yana hango abokinsa da idonsa, sai ya ji ƙarar bindiga, ya ga bayan abokin yana nisa. Ya iso babu mai karɓa. A nan za ki ga ƙato ya zube ƙasa yana rusa kuka kamar ƙaramin yaro. Ba a kore su daga gasar ba, lokacinsu ma ana lissafa shi, amma ƙyallen da ya sha gumin mutum tara tun jiya bai kai gida ta hannun na goma ba. Abin da ke ƙona musu rai ke nan. Da yawansu kuma daga sun gama jami'a sun bar gasa ke nan, sai aikin ofis, babu wata damar gyarawa.

To Mata Fa?

Tseren Hakone na maza ne zalla, amma kada ki ce an bar mata a baya. Tun 1989 'yan matan sakandare suke da nasu na ƙasa baki ɗaya a birnin Kiyoto cikin watan Disamba, inda kowace daga cikin jihohin ƙasar 47 take da wakilci. Tsawonsa daidai rabin gudun famfalaki, an raba wa 'yan mata biyar: ta farko kilomita 6, ta biyu 4 da ɗoriya, ta uku da ta huɗu 3 kowacce, ta ƙarshe 5.

Akwai kuma na jihohi da ake yi a watan Janairu tun 1983, mai zango tara, wanda aka ware zango biyu a cikinsa domin 'yan ƙaramar sakandare kawai. Sai ki ga yarinya 'yar shekara 14 ta karɓi ƙyalle daga hannun yayarta, a ƙungiya ɗaya da matar da ta je Olamfik. Su kuma 'yan matan jami'a suna da nasu a ranar 30 ga Disamba a gindin dutsen Fuji, wanda zangonsa na ƙarshe hawa ne mai tsinka numfashi.

Mu Koma Kan Mai Rarrafe

Bayan abin da ya faru a Fukuwoka, mutanen Jafan sun rabu biyu. Wasu suka ce jaruma ce, ta riƙe amana. Wasu suka ce a'a, ganganci ne aka bari ya faru a gaban kowa, ya kamata a ce an tsayar da ita. Abin da ya fito daga baya shi ne, mai horar da ita da ya ga halin da take ciki ya nemi a cire ta daga tseren, amma saƙon bai isa ga alƙalan da ke wurin a kan lokaci ba. Wato shi mai ƙyallen ma bai nemi ta yi rarrafe ba. Likitoci suka ce sai ta yi watanni tana jinya.

A nan nake so mu tsaya, ƙannena. Kowaccenmu akwai ƙyallen da aka rataya mata. Wata karatun da iyaye suka tsuke bakin aljihu suka sa ta, wata ƙannen da take riƙo, wata kuma aikin gidan da ya dawo kanta. Abin sha'awa ne yadda yaran nan suke jin nauyin abin da aka damƙa musu, ba sa cewa ai ni ce ta tara, ko na yi ko ban yi ba babu mai lura. Wadda ta karɓi ƙyalle a baya ba ta tsayawa zargin wadda ta kawo mata shi a makare, gudunta take yi, ko da mutum ɗaya ne ta wuce. Wannan abin koyi ne.

Amma fa akwai bambanci tsakanin gajiya da karaya. Gajiya ana daurewa, a rage taku, a ci gaba da hawa. Karaya kuwa ba a ɓoye ta. Idan nauyin da ke kanki ya kai inda yake cin lafiyarki, ko wani abu yana damunki kin rasa barci kin rasa ci, to ki buɗe baki ki gaya wa mama, ko yaya, ko malamar da kika yarda da ita. Sau da yawa za ki tarar waɗanda kike tsoron ba wa kunya sun fi son ganinki a tsaye da ƙafafunki a kan duk abin da kike ƙoƙarin kai musu.

Ga masu sha'awar gudun kansa kuwa, a fara da kaɗan. Tafiyar sauri da ƙawaye da sanyin safiya, sannan ɗan sassarfa, a sa takalmin da bai matse ba, a sha ruwa, in an ji zafin da ba na gajiya ba a tsaya. Ranar intahaus mai zuwa kuma, idan malama ta ce wa za ta shiga gudun miƙa sanda, kada ki ɓuya a bayan ƙawarki kina cewa ke ba ki da sauri. Mutum huɗu ake nema.